Yawon buɗe ido a tsibirin Sisili

Sisili (da Italiyanci: Sicilia, da Larabci: Siƙilliyya) shi ne tsibiri mafi girma a tekun Bahar Rum, kuma yanki ne mai ƙwarya-ƙwaryar cin gashin kai a ƙasar Italiya tun shekarar 1946. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,700, mutanensa kuma sun kusa miliyan 5. Babban birninsa shi ne Palermo. Tsibirin na daga cikin wuraren da masu yawon buɗe ido suka fi zuwa a kudancin Turai, saboda gaɓar tekunsa, da dutsen Etna mai aman wuta, da kuma tsofaffin garuruwansa na bakin teku, waɗanda Girkawa da Rumawa da Larabawa da Normandawa da Sifaniyawa suka mulka ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tafi ya bar gini. Wurare bakwai a yankin suna cikin jerin kayan tarihin duniya na hukumar UNESCO.

Wuri da yanayi

Tsibirin yana da kusurwa uku, shi ya sa Girkawan dā suka kira shi Trinakriya. Mashigin ruwan Messina ne ya raba shi da sauran ƙasar Italiya, kuma a inda ya fi ƙunci faɗinsa bai wuce kilomita 3 da 'yan kai ba. Ta kudu maso yamma kuwa, tazarar da ke tsakaninsa da gaɓar Tunisiya kimanin kilomita 150 ce. Wannan kusanci da Afirka ya shafi tarihin tsibirin da abincinsa da ma iskarsa: akan samu iska mai zafi da ƙura da ke tasowa daga Sahara, wadda suke kira shirokko.

Ruwan sama yana sauka ne a lokacin sanyi, daga wajen Oktoba zuwa Maris, bazara kuma busasshiya ce mai tsananin zafi. A ranar 11 ga Agusta 2021 aka auna zafi mai maki 48.8 a ma'aunin Salsiyas kusa da Siracusa, kuma hukumar yanayi ta duniya ta tabbatar cewa shi ne mafi tsanani da aka taɓa aunawa a nahiyar Turai. Duk da haka Yuli da Agusta ne watannin da baƙi suka fi cika garuruwan, domin a lokacin ne Turawa ke hutu, musamman makon 15 ga Agusta da Italiyawa ke bikin Ferragosto. Wanda ya je domin ganin gine-ginen tarihi zai fi jin daɗin Afrilu zuwa Yuni, ko Satumba da Oktoba, lokacin da zafi ya lafa, kuɗin masauki kuma ya sauka.

Tarihi a taƙaice

Finikawa ne suka kafa tashoshin ciniki a yammacin tsibirin, ciki har da Palermo da Mozia. Girkawa suka zauna a gabas: sun kafa Naxos wajen shekara ta 734 kafin Miladiyya, sannan Siracusa jim kaɗan bayan haka. Rumawa sun ƙwace mafi yawan tsibirin daga hannun Kartajawa a 241 kafin Miladiyya, suka mai da shi rumbun alkamar daularsu. Bayan faɗuwar daular Rum ta yamma ya koma hannun Rumawan gabas na Kustantiniyya.

A shekarar 827 rundunar Musulmi ta daular Aglabiyawa ta taso daga Tunisiya ta sauka a Mazara, ƙarƙashin jagorancin alƙalin Ƙairawan, Asad ɗan Furat. Cin tsibirin bai zo da sauƙi ba. Palermo ta faɗa hannunsu a 831, Siracusa sai a 878, Taormina a 902, tungar ƙarshe kuma, wato Rometta, sai a 965. A zamanin Musulmi aka bunƙasa noman rani ta hanyar magudanan ƙarƙashin ƙasa, aka yaɗa noman lemo da lemon tsami da rake da auduga. Matafiyin nan Ibn Hauƙal, wanda ya ziyarci Palermo a 973, ya ruwaito cewa birnin na da masallatai sama da 300.

Normandawa, mayaƙan da suka fito daga arewacin Faransa, sun kama Messina a 1061, Palermo a 1072, suka kammala da Noto a 1091. Ba su rushe tsarin da suka tarar ba. Fadarsu ta ci gaba da rubuta takardu da Larabci da Girkanci da Latin, kuma magina Musulmi da masu ado na Rumawan gabas suka yi aiki tare a cocinansu. A fadar sarki Roger na Biyu, wanda aka naɗa a 1130, masanin ƙasa Al-Idrisi ya kammala littafinsa Nuzhatul Mushtaƙ da taswirar duniya a 1154, inda ya yi bayanin ƙasashen Afirka ta Yamma kamar Takrur da Gana da Kaukau da Kanem. Zaman lafiyar bai ɗore ba. Bayan tawaye da yaƙe-yaƙe, sarki Frederick na Biyu ya kwashe sauran Musulmin tsibirin zuwa garin Lucera a kudancin Italiya tsakanin shekarun 1220 da 1240. Daga 1282 tsibirin ya shiga hannun sarakunan Aragon, daga baya Sifaniya, wadda ta kori Yahudawansa a 1492. Garibaldi ya sauka a Marsala a ranar 11 ga Mayu 1860 da mayaƙa kimanin dubu ɗaya, abin da ya kai ga haɗe Sisili da sabuwar ƙasar Italiya.

Ɗaliban fiƙihun Malikiyya a ƙasar Hausa sun san sunan tsibirin ta wata hanya dabam, ko da ba su lura ba. Asad ɗan Furat, wanda ya rasu a 828 yana kewaye da Siracusa, shi ne mai littafin Asadiyya wanda Sahnun ya gina Mudawwana a kansa. Haka kuma cikin malamai huɗu da Shehu Halil ya ambata a gabatarwar Muhtasar a matsayin madogararsa, biyu ana danganta su ga wannan tsibiri: Ibn Yunus As-Siƙilli, da Imam Al-Maziri wanda ya rasu a 1141, mai nasaba da garin Mazara. Jauhar As-Siƙilli, kwamandan Faɗimiyawa da ya kafa birnin Alƙahira a 969 ya kuma gina masallacin Azhar, shi ma da sunan tsibirin ake kiransa.

Palermo da Monreale

Palermo na da mutane sama da 600,000. Birni ne mai hayaniya da cunkoson motoci, kuma ba duk unguwanninsa ne ke da kyan gani ba. Jiragen yaƙin ƙawance sun yi wa tsohon garin ruwan bama-bamai a 1943, kuma har yau akwai gidajen attajiran dā da ba a gyara ba. A shekarun 1950 zuwa 1970 an rushe gidaje masu tarihi da lambunan lemo, aka cika wurin da benaye marasa tsari, da hannun 'yan mafiya a cikin kwangilolin. Amma abin da ya tsira ya isa a kwana uku ana kallo.

Babban abin da ke jawo baƙi shi ne gine-ginen zamanin Normandawa, waɗanda UNESCO ta sanya a jerinta a 2015 tare da manyan cocinan Cefalù da Monreale, jimilla gine-gine tara. A cikin fadar sarakuna akwai ɗakin ibada da ake kira Cappella Palatina, wanda Roger na Biyu ya gina. Bangayensa an lulluɓe su da hotunan da aka haɗa da ƙananan gutsattsarin gilashi masu ruwan zinariya, irin aikin Rumawan gabas, rufinsa kuma na katako ne da aka sassaƙa kamar saƙar zuma, irin adon da ake gani a masallatan Masar da arewacin Afirka, da rubutun Larabci a gefe-gefensa. Fadar shan iska ta Zisa, wadda aka fara ginawa a 1165, ta samo sunanta daga kalmar Larabci Al-Aziza. An tsara ta yadda ruwa ke gudana ta tsakiyar zaure, iska kuma na ratsa bangaye ta sanyaya ɗakuna. Babban cocin birnin an gina shi ne a wurin da babban masallacin Juma'a yake a dā, kuma a jikin wani ginshiƙi na ƙofar kudu har yanzu ana iya karanta ayar Alƙur'ani da aka sassaƙa.

Sunayen unguwanni ma suna ɗauke da tarihin. Kalsa ta fito ne daga Al-Halisa, unguwar sarauta da Faɗimiyawa suka gina a 937, tsohon babban titi Cassaro kuma daga kalmar ƙasar, wato fada. Kasuwannin Ballarò da Capo, masu lunguna da rumfuna da 'yan talla da ke ƙwala kiran farashi, sun fi kama da kasuwannin Tunis fiye da na Milan. A Ballarò ne 'yan Afirka da 'yan Bangladesh da yawa suke zaune suke sana'a. Cikin waliyyan Katolika da birnin ke ɗaukar su a matsayin majiɓinta akwai Benedetto Baƙar Fata, ɗan bayi 'yan Afirka da aka haifa a Sisili, wanda ya rasu a Palermo a 1589.

Monreale na kan tudu, kimanin kilomita 8 daga birnin. Sarki William na Biyu ne ya fara gina cocinsa a 1174, kuma hotunan gutsattsarin gilashi da ke cikinsa sun rufe sama da murabba'in mita 6,000. A zamanin wannan sarki ne matafiyin Andalus Ibn Jubair, yana dawowa daga aikin Hajji, jirginsa ya tarwatse a gaɓar Messina a ƙarshen 1184. Ya bi ta Cefalù da Palermo har Trapani, ya rubuta cewa sarkin na karatu da rubutu da Larabci, fadarsa kuma cike take da ma'aikata Musulmi, waɗanda da yawansu ke ɓoye addininsu.

Cefalù

Cefalù (ana furta shi kamar yadda Bahaushe zai karanta, Cefalu, da ƙarfi a gaɓar ƙarshe) ƙaramin gari ne na masunta mai mutane kimanin 14,000, kilomita 70 gabas da Palermo, tafiyar ƙasa da awa ɗaya a jirgin ƙasa. Garin ya matse ne tsakanin teku da wani katafaren dutse mai tsawon kusan mita 270 da suke kira La Rocca. Roger na Biyu ya fara gina babban cocinsa a 1131. Labarin da ake bayarwa shi ne ya yi bakance ne bayan ya tsira daga guguwar teku, amma hasumiyoyinsa biyu masu kama da ganuwa sun nuna cewa akwai nufin nuna ƙarfin sarauta a ciki. A ƙasan garin akwai tsohon wurin wanki na jama'a, inda ruwan ƙorama ke bi ta cikin kwatamai na dutse ya faɗa teku. Hawan La Rocca na buƙatar takalmi mai ƙarfi da gorar ruwa, kuma hukumar garin kan rufe hanyar idan zafi ko iska suka yi yawa. Rairayin bakin tekun Cefalù yana manne da tsohon garin, wanda shi ne sirrin farin jininsa, kuma shi ne dalilin da a watan Agusta da wuya a samu wurin shimfiɗa tabarma.

Messina da Taormina

Messina ita ce ƙofar shiga ga mai zuwa ta ƙasa daga Italiya. Girgizar ƙasa da igiyar ruwa ta ranar 28 ga Disamba 1908 ta rushe kusan dukkan birnin ta kashe dubun-dubatar mutane, don haka gine-ginensa sababbi ne, tituna masu faɗi, benaye gajeru. Yawancin baƙi kan tsaya ne kawai su kalli agogon hasumiyar coci na 1933, wanda mutum-mutuminsa ke motsi da ƙarfe 12 na rana, su wuce.

Taormina ita ce ta fi kowane gari a tsibirin suna a wajen baƙi, ta kuma fi tsada. Tana kan tudu kimanin mita 200 sama da teku. Dandalin wasan kwaikwayonta na dā, wanda aka fara a zamanin Girkawa, Rumawa suka sake gina shi da jan bulo, an sassaƙa shi ne a jikin dutse ta yadda mai zaune a kujerun sama yana hangen teku da dutsen Etna a lokaci guda. Marubucin Jamus Goethe ya ziyarci wurin a 1787, kuma bayaninsa na cikin abin da ya sa attajiran arewacin Turai suka mai da garin wurin cin hutun sanyi a ƙarni na 19. Faɗimiyawa sun taɓa sauya masa suna zuwa Al-Mu'izziyya bayan sun sake kama shi a 962. A watan Mayu 2017 aka yi taron ƙasashe bakwai masu ƙarfin tattalin arziki a garin, inda aka gayyaci wasu shugabannin Afirka, ciki har da shugaban Nijar na lokacin Mahamadou Issoufou da muƙaddashin shugaban Najeriya Yemi Osinbajo.

Garin kansa titi ɗaya ne babba, Corso Umberto, daga ƙofar Messina zuwa ƙofar Catania, da lunguna masu matakala a hagu da dama. Ana sauka bakin teku da ɗan tsibirin Isola Bella ta motar da ke rataye a igiya. Mazaunan garin ba su wuce 11,000 ba, kuma tun bayan da aka ɗauki zango na biyu na shirin talabijin The White Lotus a can, wanda aka nuna a 2022, cunkoson ya ƙaru. Masu ƙaramin ƙarfi sukan kwana a Giardini Naxos da ke ƙasan tudun, ko a Catania, su zo da safe su koma da yamma.

Catania da dutsen Etna

Catania (Kataniya) ita ce birni na biyu a girma, da mutane kimanin 300,000, kuma filin jirgin samanta ya fi kowanne a tsibirin zirga-zirga. Sau biyu ta gamu da bala'i a cikin shekara 24: narkakken dutsen Etna ya kwararo ya cinye yammacinta a 1669, sannan girgizar ƙasa ta 11 ga Janairu 1693 ta rushe ta. An sake gina ta da baƙin dutsen da wutar ta bari, shi ya sa launin birnin ya yi toka-toka. Ganuwar Castello Ursino, wadda Frederick na Biyu ya gina a bakin ruwa a ƙarni na 13, yanzu tana cikin gari, domin narkakken dutsen 1669 ya ture gaɓar teku gaba. Alamar birnin giwa ce ta baƙin dutse da ke tsakiyar dandalin babban coci, bayanta kaɗan kuma kasuwar kifi take, wadda ke ci da safe. Daga 3 zuwa 5 ga Fabrairu ake bikin waliyyiya Agata, lokacin da jama'a ke cika tituna dare da rana.

Etna ya haura mita 3,300, kuma tsawonsa na sauyawa bayan kowane babban aman wuta. Mutanen yankin na kiransa Mongibello, haɗin kalmar Latin da ta Larabci jabal, duka biyun ma'anarsu dutse. Ana hawa da mota har tashar Rifugio Sapienza, kusan mita 1,900, daga nan a shiga motar igiya. Kusa da bakin ramukan wutar kuwa doka ta hana zuwa sai da ɗan jagora mai lasisi, kuma iyakar da aka yarda a kai tana sauyawa gwargwadon halin da dutsen ke ciki. Ko a tsakiyar bazara akwai sanyi a sama. Tokarsa kan sa a rufe filin jirgin Catania na wasu sa'o'i ko kwana guda, abin da mai tikitin komawa ya kamata ya sa a lissafi.

Siracusa da Noto

A zamanin Girkawa Siracusa na cikin manyan biranen duniya. Ta murƙushe rundunar Atina a 413 kafin Miladiyya, ta tsare fursunonin a ramukan fasa dutse da har yau ake shiga a gani. A nan aka haifi masanin lissafi Arkimidis, a nan kuma wani sojan Rum ya kashe shi lokacin da birnin ya faɗi a 212 kafin Miladiyya. Babban dandalin wasan Girkawa da ke unguwar Neapolis bai zama kufai ba: tun 1914 ake shirya wasannin kwaikwayon Girkawan dā a cikinsa, a yanzu daga Mayu zuwa farkon Yuli.

Tsohon garin yana kan ɗan tsibirin Ortigia, wanda gadoji biyu suka haɗa da sauran birnin. Babu ginin da ya tattara tarihin Sisili wuri guda kamar babban cocinsa. Asalinsa haikalin gunkiya Atina ne na ƙarni na 5 kafin Miladiyya. Kiristoci suka cike tsakanin ginshiƙan da bango suka mai da shi coci, ya zama masallaci bayan 878, ya koma coci a zamanin Normandawa, sannan aka yi masa sabuwar fuska bayan girgizar 1693. Ginshiƙan Girkawan suna nan a jikin bangon, ana ganinsu ta ciki da ta waje. Kusa da shi akwai idon ruwan Aretusa, ruwan daɗi da ke ɓuɓɓugowa taku kaɗan daga teku, inda ciyawar fafiras, wadda Misirawan dā ke yin takarda da ita, take tsirowa.

Noto na kudu da Siracusa, 'yan kilomitoci daga bakin teku. Girgizar 1693, wadda ta kashe kimanin mutum 60,000 a gabashin tsibirin, ta shafe tsohon garin, sai aka sake gina shi a wani sabon wuri da farin dutse mai launin zuma, a salon gini mai yawan ado na wancan zamani. Yana cikin garuruwa takwas na yankin da UNESCO ta amince da su a 2002, tare da Ragusa da Modica da Scicli. Ƙubbar babban cocinsa ta rufta a 1996 saboda rashin kulawa, ba a sake buɗe shi ba sai 2007.

Agrigento da gaɓar yamma

A gaɓar kudu, Agrigento ce ke da Kwarin Haikalai, kufan birnin Girkawa na Akragas da aka kafa wajen 580 kafin Miladiyya. Sunan na da ruɗani, domin haikalan a kan tudu suke jere. Wanda ake kira Concordia yana cikin haikalan Girkawa da suka fi tsira a duniya, kuma abin da ya cece shi shi ne mai da shi coci da aka yi a ƙarni na 6. Babu inuwa a wurin, don haka da sassafe ko da la'asar sakaliya ake zuwa. Yamma da garin akwai farin dutsen Scala dei Turchi mai kama da matakala, wanda hukuma ta hana hawa a 2020 saboda zaizayewa da kuma baƙin da ke ɓantarar dutsen su tafi da shi.

Yammacin tsibirin ya fi ko'ina kama da arewacin Afirka, kuma baƙi ba su cika yi masa yawa ba. Mazara del Vallo na da ɗaya daga cikin manyan rundunonin jiragen kamun kifi a Italiya, kuma tun wajen shekarun 1970 'yan Tunisiya suka dawo suka zauna a tsohuwar unguwar da ake kira Kasba suna aikin su. A 1998 komar wani jirgin garin ta jawo mutum-mutumin tagulla na zamanin dā daga ƙasan teku, wanda yanzu ke da gidan tarihi na kansa. Sunan Marsala daga marsa ne, wato tashar jirgi a Larabci. Tsakaninta da Trapani akwai fadamun gishiri, inda ake tare ruwan teku rana ta busar da shi, da tsofaffin injinan iska da ake jan ruwa da niƙa gishiri da su. Daga Trapani ake hawa garin Erice da ke kan dutse mai tsawon mita 750, daga nan kuma jiragen fito ke zuwa tsibiran Egadi.

Abinci

Abincin Sisili ya bambanta da na arewacin Italiya. A Trapani kuskus da romon kifi shi ne abincin gari, har garin San Vito Lo Capo na yi masa biki kowane Satumba tun 1998. A Palermo ana dafa taliya da kifin sadin da zabibi da za'afaran. Arancini dunƙulen shinkafa ne mai ciko da ake soyawa, panelle kuma ƙosai ne falai-falai na garin wake. A gabas ana karya kumallo da granita, wato niƙaƙƙiyar ƙanƙara mai lemon tsami ko kofi, tare da burodi mai laushi.

Baƙon da ba ya cin naman alade ko abin da aka sa wa giya sai ya riƙa tambaya. A al'adance da kitsen alade ake kwaɓa ɓawon cannoli, sau da yawa har da ɗan giyar Marsala, da shi kuma ake soya saifar da ake sa wa burodi a kasuwannin Palermo. Naman cikin arancini ma akan gauraya shi da na alade. Kifi da kayan lambu suna da yawa, kuma akwai mahautan halal a Palermo da Catania da Mazara. Akwai masallatai a Palermo da Catania.

Sufuri

Manyan filayen jirgin sama su ne na Catania da Palermo, ƙanana kuma na Trapani da Comiso. Jirgin ƙasa daga Roma yana zuwa har Palermo da Siracusa: a Villa San Giovanni ake raba taragon a shigar da su cikin jirgin ruwa a tsallaka da su mashigin. An shafe shekaru da dama ana muhawara kan gina gada a wurin. Akwai jiragen ruwa daga Napoli da Genova da Tunis zuwa Palermo, da kuma daga Malta zuwa Pozzallo. A cikin tsibirin, layin dogo na gaɓar arewa da na gabas suna da dama-dama, amma na kudu da na tsakiya suna da jinkiri, bas ya fi su sauri. Mai hayar mota ya kula da alamar ZTL a tsofaffin unguwanni, inda kyamara ke ɗaukar lambar duk motar da ta shiga ba izini, tarar kuma ta biyo mutum har gida bayan watanni. Kuɗin da ake kashewa Yuro ne. 'Yan Najeriya da Nijar da Gana da Kamaru da Cadi da Sudan na buƙatar bizar Shengen.

Matsaloli

Ƙarancin ruwa na cikin manyan matsalolin tsibirin. A 2024 fari ya sa aka ayyana dokar ta-ɓaci, madatsun ruwa suka ƙafe, aka koma raba ruwa ta kwana-kwana a garuruwa da dama, musamman yankin Agrigento, har wasu ƙananan masaukai suka riƙa mai da baƙi. Tsofaffin bututu da ke zubar da ruwa mai yawa a ƙasa sun ƙara tsananta lamarin. Gobarar daji ma ta zama ruwan dare a bazara. A Yulin 2023 ta kai har gefen filin jirgin Palermo, aka rufe shi na ɗan lokaci. A Ortigia da Cefalù da Taormina kuma, mai da gidaje masaukin baƙi na 'yan kwanaki ya sa haya ta fi ƙarfin 'yan gari da yawa, sun koma bayan gari.

Ƙungiyar mafiya ta Cosa Nostra ba ta cika taɓa baƙi ba. 'Yan kasuwa take tatsa da kuɗin kariya da ake kira pizzo. Kisan alƙalai Giovanni Falcone a ranar 23 ga Mayu 1992 da Paolo Borsellino a 19 ga Yuli na shekarar ya tayar da jama'a, kuma da sunansu ake kiran filin jirgin Palermo. Ƙungiyar Addiopizzo, wadda aka kafa a 2004, tana wallafa sunayen shaguna da otal-otal da gidajen abinci da suka ƙi biyan kuɗin, domin masu saye su san inda za su kai kuɗinsu.

Gaɓar da baƙi ke wanka a cikinta ita ce kuma inda jiragen 'yan ci-rani daga Libiya da Tunisiya ke nufa, da yawansu 'yan Afirka ta Yamma da suka ratsa hamada ta Agadas. Ana sauke waɗanda aka ceto a tashoshin Pozzallo da Augusta da Porto Empedocle, da kuma tsibirin Lampedusa, wanda ke ƙarƙashin lardin Agrigento amma ya fi kusa da Tunisiya. A ranar 3 ga Oktoba 2013 wani jirgi ya nutse dab da gaɓar Lampedusa, mutum 368 suka mutu, akasarinsu 'yan Eritiriya. Tun 2016 Italiya ta keɓe wannan rana a hukumance domin tunawa da waɗanda suka rasa rayukansu a hanyar ƙaura.